St. Anger na Metallica: an zalunce shi ko ya cancanci zagin?

Sani: Jama'a, ni fa ina nan kan bakana. Ba a yi wa St. Anger, faifan ƙungiyar mawaƙan Amurka Metallica, adalci ba. Faifan nan yana da zafin da babu shi a faya-fayansu na baya, Load da Reload.

Habu: Haba Sani! Faifan da babu solon jita, wato inda mai jita ke baje kolinsa, ko ɗaya? Ga mai jitarsu Kirk Hammett a zaune, ba a bar yatsunsa sun yi aikinsu ba. Gangar Lars Ulrich kuwa kamar yaro na dukan garwa.

Sani: Da gangan ya yi. Wayoyin da ke ƙarƙashin gangar ya saki, shi ya sa take wannan amon.

Habu: Ganganci ba ya mai da abu mai daɗi. Wanda ya ji faifansu Master of Puppets na 1986 ba zai yarda mutanen nan ne ba.

Yaya Idi: Ku bi a hankali, ƙannena. Ku duba halin da suke ciki kafin faifan ya fito a 2003. Mai kaɗa musu jitar bas Jason Newsted ya bar su a 2001, mawaƙinsu James Hetfield ya tafi jinyar shaye-shaye, har furodusansu Bob Rock ne ya kaɗa musu bas. Gida ne ya kusa rushewa, kuma ana jin hakan a muryar Hetfield. Wannan na yarda da Sani. Amma waƙoƙin sun yi tsawo, ana ta maimaita abu ɗaya. A shagon cajina na Gujungu ban taɓa ganin wanda ya nemi in tura masa shi sau biyu ba.

Sani: To Yaya, ai waƙar St. Anger ɗin ta ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2004.

Habu: Kyauta daban, kunne daban. Su kansu ba kasafai suke taɓa waƙoƙinsa a dandali ba.

Musa: Ni dandalin ne ma ma'aunina. Ku kalli wasansu na Mosko a 1991, jama'a iya ganinka. A 2013 har Antaktika suka je suka yi wasa. Faifai ɗaya ba zai rage musu komai a wurina ba.

Habu: Ba darajarsu muke musu a kai ba, Musa, faifan muke magana. Gara shi dai da Lulu, wanda suka yi da mawaƙi Lou Reed a 2011.

Sani: Wannan ko ni ba zan kare shi ba. Yaya Idi, ranar kasuwa zan kawo mamori, ka sa wa Habu waƙar Frantic ta cikin St. Anger da lasifika mai kyau ya ji da kunnensa.

Yaya Idi: Ku zo da wuri kafin layin caji ya cika.