Land Rover ɗin gado da batirin Leaf: wace ce akwalar?

Autan Gida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo ƙara. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Land Rover Series III ƙirar 1978, mai injin fetur lita 2.25. Shekara shida tana ajiye a gindin darbejiya, har kaji na ƙwai a cikinta. Bara na tashe ta, sai na tarar lita ɗaya ba ta kai ni kilomita bakwai, ga shi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda ake ciki. Sai na yanke shawarar in sauke injin, in ɗora mata na lantarki da batirin wata Nissan Leaf da ta yi hatsari. Na je wurin bakaniken da ke duba ta tun Baba na da rai, bawan Allahn nan ya dube ni a gaban yaransa ya ce in na yi haka ba ni da albarka. Ni dai magana ɗaya nake yi: mayar da akwalar nan ta lantarki ya fi sauƙin kuɗi a kan a yi ta ɗura mata fetur. Mai ja ya fito.

Ɗan Gembu: Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna, wace ce akwalar?

Autan Gida: Motar mana, Kawu.

Ɗan Gembu: To ka janye. Ka hau tsaunin Mambila da damina ka ga abin da ke kwaso buhuna da mutane daga ƙauyuka zuwa Gembu. Irin wannan Landiroba ce, wasu ma sun girmi taku. Inda sabuwar mota ta miliyoyi za ta kafe a taɓo, ita direba taimako kawai zai sa mata ta haye. Abin da ke ciyar da iyalai shi kake kira akwala?

Mai Kalanzir: Kawu ka yi haƙuri, amma motar da ta shekara shida kaji na ƙwai a ciki, in ba akwala ba mece ce? Akurki?

Ɗan Gembu: Yaro, akwala ita ce wadda sai an tura take tashi. Wannan an ajiye ta ne. Ajiya daban, mutuwa daban.

Uwar Biyu: A'a, akwala ba sai ta turi ba. Duk motar da ƙofarta sai da igiya ake ɗaurewa akwala ce. Auta, ƙofar taku na rufuwa?

Autan Gida: Tana rufuwa, Hajiya, sai dai a buga sau biyu. Amma don Allah a dawo kan maganar kuɗin.

Injiniyan Sola: Bari in taimaka maka, tunda kai kaɗai ke son lissafi. Mota mai wannan nauyi, gabanta a miƙe kamar bango, ka ƙaddara za ta ci wuta yunit 25 zuwa 30 a kilomita 100. A Afrilun 2024 aka kai yunit ɗin 'yan Band A, rukunin da aka fi bai wa wuta, naira 225, ka ga yunit 30 ya kama naira 6,750. Fetur kuwa, lita 16 a wannan tafiyar, ko a naira 900 ka lissafa ya kama 14,400. A nan ka yi gaskiya. Inda za ka sha mamaki shi ne batirin. Leaf ta farko yunit 24 take ɗauka tana sabuwa, taka kuma ta sha jiki. Daga Kano ba za ki kai Zariya ba, ina nufin motar. Kuma batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, shi ya sa a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta kukan ya raunana da wuri saboda zafi. Sai ka tuna yadda Afrilu yake a Kano.

Mai Gareji: Ka gama, Injiniya? To ga abin da takarda ba za ta gaya maka ba. Injin Leaf na bugun juyi kusan ninki biyu na wancan tsohon injin, kuma lokaci ɗaya yake sakinsa, ba a hankali ba. Shaf ɗin baya na Series ko da injinsa na asali karyewa yake in direba ya cika zafin ƙafa, na canja su ba adadi. Ka ɗora wancan a kan tsohon giyabos, rana ɗaya za ka ji ƙas. Ga birki na ganga, ga nauyin batir. Ina ka sa kuɗin waɗannan a lissafinka? Sannan ni ma ban yarda da kalmar akwala ba. Bodinta alminiyom ne, ba ya tsatsa. Shasi da sauran sassan ƙarfe za a duba.

Mai Kalanzir: Ba ya tsatsa amma yana yoyon baƙin mai. An ce in ka ga Land Rover ba ta ɗiga, to man ne ya ƙare.

Ba'agade: Hahaha, gaskiya ɗaya ce. Ku zo Agadas ku ƙirga kat-kat, wato motoci masu taimako, nawa ke shiga Tenere zuwa Dirku da Bilma, ku gaya mini nawa ne Land Rover a ciki. Toyota ce zalla. Land Cruiser 70 tun 1984 ake ƙera ta har gobe, ita kuwa tsohuwar Defender an rufe ƙirarta a Janairun 2016. Wadda ta mutu ita ce akwala, Auta bai yi ƙarya ba.

Ɗan Gembu: Lokacin da aka nuna Land Rover a Amsterdam a 1948, ina Land Cruiser take? Sai a 1954 ma aka raɗa mata sunan. Ƙanwa ce, ta iya bakinta.

Ba'agade: Tsufa ba gwaninta ba ne, Kawu. Raƙumi ya girme su duka.

Mai Gareji: Yashi daban, dutse daban. Ku da kuke tafiya a shimfiɗe me kuka sani game da hawa?

Ba'agade: A shimfiɗe? Ka taɓa jin duwatsun Ayar? Kuma batun kuran ɗin nan, wato wutar lantarki, ku da ba ku da ita me za ku yi caji da shi?

Mai Kalanzir: Ikon Allah. Mu ne ba mu da wuta? A Agustan 2023 da aka katse layin da ke kai muku, wa ya kwana a duhu?

Ba'agade: Ku da ba a katse muku komai ba, a haske kuke kwana?

Shugaban Zaure: A bar siyasar ƙasashe, dokar zaure ce. Saƙo na gaba a kan wannan zan goge.

Almajirin Malam: Ni kalmar da ta tsaya mini daban ce. Auta ya ce mahaifinsu ya bar "mana". To an raba gadon? In ba a raba ba, motar ta dukkan magada ce, har da 'ya'ya mata da matan marigayi. Ba ya halatta mutum ɗaya ya sauke injin dukiyar da ba tasa shi kaɗai ba, ko da niyyarsa gyara ce. Ka nemi yardarsu tukuna.

Autan Gida: Malam, shekara shida ba wanda ya ko share mata ƙura. Ni na sayi tayoyi, ni na sayi batir, ni na wanke kafireto.

Almajirin Malam: Allah ya ba ka lada, kuma kana iya neman a biya ka abin da ka kashe. Amma wanke kafireto ba ya mallaka wa mutum mota.

Uwar Biyu: Wallahi Malam ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Haka 'yan'uwana maza suka yi da filin mahaifinmu, wai su ne ke biyan mai gadi. Mu mata kullum sai dai mu ji labari. Auta, kana da yayye mata?

Autan Gida: Huɗu.

Uwar Biyu: Ka ji! Huɗu, kuma na rantse ko ɗaya ba ta san ana shirin farke motar ubanta ba.

Mai Kalanzir: Hajiya, ai rabon akwala ba wuya. Kowa taya ɗaya, Auta ya ɗauki safaya.

Ɗan Gembu: Ka sake cewa akwala, sai na fita daga zauren nan.

Injiniyan Sola: Jama'a ana ta faɗa kamar wani sabon abu ne. Kamfanin Land Rover da kansa ya nuna Defender mai lantarki a bajekolin Geneva a 2013, guda bakwai na gwaji, batirin yunit 27 mai nauyin kilo 410, tafiyar kusan kilomita 80. A Kenya kamfanin Opibus, wanda yanzu ake kira Roam, ya mayar da motocin yawon kallon namun daji na lantarki, kuma abin ya dace da su don tafiyar gajera ce, ba ƙara, dabba ba ta gudu, dare ya yi a koma sansani a jona da sola. A nan gida ma Mustapha Gajibo ya fara da mayar da ƙananan bas na fetur zuwa lantarki a Maiduguri. Kuma Kawu, a gangaren Mambila injin lantarki shi ke riƙe mota yana mayar da wuta cikin batir, birki ya huta. Kai ne ma za ka fi kowa morewa.

Ɗan Gembu: In batirin ya ƙare a tsakiyar dutse fa? Fetur a jarka ake kawo mini a kan babur. Wutar a buta za a ɗebo?

Mai Gareji: Injiniya faɗi gaskiya, batir kake sayarwa.

Injiniyan Sola: Ina sayarwa, ban ɓoye ba. Kai ma ai kafireto ke ciyar da kai, Oga.

Mai Gareji: Ni da sifana biyu da sukundireba zan tashi Series a daji. Kai motarka ta tsaya sai an nemo kwamfuta. Kuma batirin nan bolt kusan ɗari huɗu ne, yaron gareji ya kai hannu a rashin sani sai dai a yi masa salla. Wa zai duba ta in ka yi tafiya?

Ɗan Birni: Ina karantawa daga Ingila. A nan ana yin wannan aikin sosai, amma masu kuɗi ne, sau da yawa kuɗin juyin ya fi na motar. Kuma FIVA, ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, ta fitar da matsaya a 2019 cewa motar da aka mayar ta lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. Shawarar da suka bayar ita ce in za a yi, a yi yadda za a iya mayar da ita, a adana kayan asali. Auta, kar ka kai injin Ƙofar Ruwa, kar ka bai wa 'yan gwangwan. Ka zuba masa mai ka rufe.

Ɗan Gembu: Ka ji ko? Motar tarihi. Turawa ma ba su ce akwala ba.

Ba'agade: Tarihi ai gidan ajiye kayan da suka daina aiki ne.

Autan Gida: Naira nawa aikin zai ci gaba ɗaya? Tun safe abin da nake son ji ke nan.

Uwar Biyu: Ka fara tambayar yayyenka.

Ɗan Gembu: Ka sayar mini da ita yadda take, da kajin. Gobe in turo a ɗauka.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. Na ɗaya, zaure ya yi ittifaƙi cewa Land Rover ba akwala ba ce, kuma ana sa ran Auta zai nemi afuwar Kawu. Na biyu, masana sun tabbatar batir ba ya jure zafinmu, ko Zariya ba ya kaiwa, ga shi yana karya shaf, har ƙungiyar duniya ta hana. Shi kansa Injiniya ya amsa cewa kasuwarsa yake karewa. Na uku, Malam ya yi fatawa cewa sauke injin haramun ne. Maganar Toyota ban sa ta ba don ba ta cikin batun. Shawarata ga Auta, matsayina na wanda ya shekara ashirin da tasa Series IIA, shan man nan daga kafireto ne da fulogi, a gyara su a saita wuta za ka ga canji. Ina da kafireto biyu 'yan asali a ajiye, ka same ni ta akwati. Na rufe sharhi.