Mu da muka yi aikin agaji a Borno, ya muke idan mun dawo Kano?

Maman Hanifa, Gwammaja:
Salamu alaikum. Shekara uku na yi ina aikin jinya tsakanin Maiduguri da Monguno, kuma a can barcina nake yi lafiya lau. Sai da na dawo gida abin ya taso. Ranar Hawan Daushe na kai yara kallo wajen Ƙofar Kudu, 'yan bindigar Sarki suka saki guda ɗaya, ban san sanda na danne Hanifa a ƙasa ba. Mutane suna ta dariya. Ni kaɗai ce, ko akwai mai irin wannan?

Baba Direba, Kurna:
Ba ke kaɗai ba ce, 'yata. Ni tuƙi na yi. Na bi ta Auno a Fabrairun 2020, bayan an ƙone matafiyan da dare ya riska a bakin shinge, motocin ko gama hucewa ba su yi ba. Har yau in aka ƙona taya a unguwa, tuwo ba ya shiga. Ƙungiyarmu ta ba mu wata lamba, wai mu kira mu faɗi damuwarmu. Na kira sau ɗaya. Baturiya ce, da Turanci. Me zan ce mata? Manya kuwa ana fitar da su hutu duk bayan 'yan makonni, mu direbobi sai kwantiragi ya ƙare a ce an gode.

Ɗan Fagge:
Baba, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ina Dikwa aka kawo harin Maris ɗin 2021. Da na dawo, gida babu mai tambayar me na gani, sai "ai kai dala kake ci". Faɗa da iyali ba dalili, haka na shafe wata shida. Ƙanwata ce ta ja ni Asibitin Malam Aminu Kano wajen likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce firgici ne da ke biyo bayan tashin hankali, kuma yana da magani. Hajiyarmu da ta ji, cewa ta yi, "Au, har ta kai ga asibitin masu taɓin hankali na Dawanau?" Addu'a ban bari ba, ganin likita ma ban fasa ba.

Anti Bilki, Hotoro:
Ni abin da ya riƙe ni, mu huɗu ne da muka zauna sansani ɗaya, duk Asabar muna haɗuwa. Wani lokacin ko zancen ba ma tayarwa.

Maman Hanifa:
Anti, wannan Asabar ɗin ku ƙara kofi ɗaya. Baba, likitan can da Hausa yake magana.