Lambar kati ta yi daidai, hoto bai yi ba: ina mafita?

Jama'a, don Allah a ba ni shawara. Na ci gwanjon katin hoton ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986 a intanet, da niyyar in sake sayarwa. Yana rufe cikin kwanson roba na kamfanin tantance ingancin kati, da maki 8 cikin 10. Lambar kwanson ta fito a rumbun kamfanin tantancewa, amma a hotonsu jan gefen hagu ya fi na dama faɗi, nawa kuwa daidai suke. Ga shi katin ya yi ƙaurin suna wajen jabu, mai sayarwa kuma ya yi gum. In aika wa kamfanin su sake dubawa, ko in fara shigar da ƙorafi kafin wa'adin mayar da kaya ya wuce? Ba zan sayar wa kowa abin da nake shakka ba.