Waken ful zai yi a rani a Bakolori?

Ɗan Mafara: Assalamu alaikum. Ina tambaya kan waken nan mai faɗi da ake dafa ful da shi a Sudan da Masar da Saudiyya. Tunda alkama na yi mana a Bakolori da hunturu, shi ma zai yi? Kuma wanda ake sayarwa na ci zai tsira in an shuka?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam, Malam. Tsira kam zai tsira, ba nan gizo ke saƙar ba. Wajen fure ne ake kuka. Ful amfanin sanyi ne, ya fi son ma'aunin zafi tsakanin 15 da 22. In ya haura 30 lokacin fure, sai furen ya riƙa kakkaɓewa, ka ga ganye kore shar amma ba kwanso. Mu kuwa ko a Janairu rana takan kai 30, sanyin dare ne ke cetonmu. A arewacin Sudan, wajen Dongola, a Nuwamba suke shukawa, ya nuna cikin wata huɗu. Kai ma kada ka wuce tsakiyar Nuwamba. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba, zafin Maris zai riski kwanson kafin ya cika.

Mai Iri Gusau: Gaskiya ne, amma iri ma ba ɗaya ba ne. Akwai mai manyan ƙwaya masu faɗi, da matsakaici, da ƙanana. Na tsaunukan Habasha ya saba da sanyin da ba mu da shi. Wanda ya fi kusa da yanayinmu shi ne na Sudan, kamar Hudeiba 93 da Basabeer. Na kasuwa kuwa ba ka san asalinsa ba, domin Masar kanta tana shigo da shi daga Ostireliya da Ingila.

Ka nemi iri uku ko huɗu, kowane da fangalinsa. Ka rubuta ranar fara fure, yawan kwanso a kowane tushe, da nauyin ƙwaya 100. Abin da ake yawan mantawa: ful ba kamar wakenmu ba ne, ƙudan zuma na haɗa shi barbara sosai. In fangalan na kusa, ƙwayar da ka girba gauraye ce, baɗi ba za ta fito kamar uwarta ba. Tushen da za ka ajiye iri daga gare su, ka lulluɓe su da gidan sauro kafin fure ya buɗe.

Malamin Gona: Shuka: zurfin santimita 5 zuwa 7, tazarar 20 tsakanin rami da rami, ƙwaya biyu biyu. Takin sufa tun wajen gyaran ƙasa. Ban ruwa duk kwana 7 zuwa 10, kada a tsallake lokacin fure, kada kuma ruwa ya kwanta, saiwa ruɓewa take yi. A mako na shida ka tuge tushe ɗaya, ka fasa ƙulluttan saiwar. In cikinsu ja ne, suna ba shi taki. In babu su, ƙasar ba ta da ƙwayoyin halittar da ful ke so, domin sun bambanta da na wakenmu da na waken suya, sai ka ƙara ɗan yuriya.

Anti Nas: Don Allah a kula wajen ci. Masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, kuma suna da yawa a cikinmu, musamman maza, ful kan farfasa musu jini. Dafuwa ba ta kawar da wannan. In yaro ya ci, idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, a garzaya da shi asibiti.