Yadda muka auna ƴan takarar shugaban ƙasa a kan haƙƙinmu

Mai Farar Sanda: Assalamu alaikum ƴan'uwa. A zaɓen da ya wuce na yi alwashin ba zan jefa ƙuri'a ba sai na san abin da kowane ɗan takara ya tanadar wa masu buƙata ta musamman. Na sauke kundin manufofin uku daga cikinsu a waya. Biyu hotunan shafuka ne kawai, manhajar da ke karanta min rubutu ba ta tsinci ko harafi ɗaya ba, sai da ƙanwata ta yi dare biyu tana karanta min. A ɗaya sau ɗaya tak aka ambace mu, a layin tallafi, tare da marayu da zawarawa. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Ku fa, da me kuka yi naku awon?

Malamar Kurame: Wa alaikumus salam, Malam. Mu da muhawarar talabijin muka auna. Na kalla tare da manyan ɗalibaina. Mai fassara da maganar hannu an cusa shi a wani ɗan lungu na allo, rabin lokaci rubutun labarai ya rufe masa hannuwa. Daga baya muka bi bidiyoyin yaƙin neman zaɓen kowa. Ɗan takara ɗaya ne kaɗai yake sa rubutu a ƙasan nasa. Wata ɗalibata ta ce da ni, wanda bai nemi mu fahimce shi yana roƙon ƙuri'a ba, yaushe zai neme mu in ya hau?

Baba Mai Keke: Ƴata, gaskiyar yarinyar nan ce. Ni taron ganawa na je, a bene, ba hanyar keke. Matasa huɗu suka ɗauke ni cak da kekena, jama'a na kallo. Wakilin ɗan takarar ya tashi ya yi alkawarin raba kekuna, aka yi ta tafi. Da aka ba ni dama na tambaye shi dokar hana nuna wa naƙasassu wariya ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019: kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati namu ne, an kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashigarsu. Na ce yaya za ku aiwatar? Ya yi ta kame-kame, a fili yake bai taɓa karanta ta ba. Wakilin wani kuwa, a wani taron, ya san dokar, har ya yi maganar kuɗin da za a ware wa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa a kasafi. Keke yana lalacewa cikin ƴan shekaru, ni aikin yi nake nema wa jikokina masu irin lalurata.

Ɗan'uwa Daga Amurka: Baba, Allah ya ƙara girma. A nan ƙungiyoyinmu kan aika wa ƴan takara tambayoyi a rubuce, su wallafa amsoshin, har da sunan wanda ya yi shiru. Ni tambaya biyu nake fara dubawa. Ta farko, sashen dokar ƙwadago ta Amurka ta 1938 da ya ba wasu masu ɗaukar ma'aikata damar biyan naƙasassu ƙasa da mafi ƙarancin albashi, ɗan takarar zai soke shi ko zai bar shi? Ta biyu, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙinmu, wadda majalisar dattawan Amurka ta kasa amincewa da ita a 2012, 61 suka goyi baya 38 suka ƙi, alhali kashi biyu bisa uku ake buƙata, zai goyi bayanta ko a'a?

Mai Farar Sanda: Na gode muku. Malama, ko za ki tattaro tambayoyin ɗalibanki? Baba ya kawo na aiki da gine-gine, ni in kawo na rumfar zaɓe da rubutun makafi. Mu haɗa takarda ɗaya, mu aika wa kowane ɗan takara kafin a fara yaƙin neman zaɓe mai zuwa.