Muhawara: Shin BMI lissafin Turawa ne da ba ya aiki a jikinmu?

Koci: Jama'a, ni dai na tsaya a kan cewa BMI, wato lissafin da ke gwada nauyin mutum da tsayinsa don gano ƙiba ko rama, ba ma'aunin lafiya ba ne. Ɗauki ɗan kokawa mai tsayin mita 1.75 da nauyin kilo 85. Raba 85 da 1.75 sau 1.75, za ka samu 27.8, wato wai yana da ƙiba. Alhali tsoka ce zalla, ƙugunsa bai wuce santimita 82 ba. Sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Kuma Adolphe Quetelet, ɗan Beljiyam da ya fito da lissafin a shekarun 1830, masanin lissafi ne, Turawa ya auna, ba marasa lafiya ba.

Likita: Koci, tarihin da ka kawo daidai ne, Ancel Keys, masanin kimiyya ɗan Amurka, ne ma ya raɗa masa sunan BMI a 1972. Amma mutum nawa ne 'yan kokawa cikin masu zuwa asibiti? Ga yawancin manya rabon Hukumar Lafiya ta Duniya yana aiki: ƙasa da 18.5 rama, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama teɓa. Tantancewa ce ta farko, ba hukunci ba.

Zancen wai ba namu ba ne kuwa yana da haɗari, domin in gyara za a yi mana, ƙasa za a yi da lambar. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya tana sa baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka da mutanen Kudancin Asiya a layin 23 da 27.5 maimakon 25 da 30, saboda ciwon sukari yana kama su tun nauyi bai kai na Bature ba.

Masaniyar abinci: Ranka ya daɗe Likita, a nan nake ganin Koci yana da rabin gaskiya, amma ta ɗaya gefen. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne magidanci mai siraran hannuwa da tumbi. Tsayi 1.75, kilo 72, BMI 23.5, a ce masa lafiya lau. Sa masa tef ɗin tela a ƙugu ka ga santimita 98. Kitsen da ke kewaye hanji da hanta shi ke jawo sukari da hawan jini, BMI kuwa ba ya ganinsa.

Awon ba wuya: a ɗage riga, a laluba haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, a zagaya tef a tsakiyarsu, a fitar da numfashi ba tare da tsuke ciki ba. Kada ƙugu ya kai rabin tsayi. Mai santimita 175 ya tsaya ƙasa da 87.5. Namiji daga 94, mace daga 80, haɗari ya fara.

Koci: To ai kin gama magana, Hajiya. A jefar da BMI a riƙe tef.

Ungozoma: A'a, Malam. Tef ba zai nuna maka matar da ke ramewa ba. BMI ƙasa da 18.5, ko nauyi yana zubewa ba dalili, shi ke sa a nemi tarin fuka ko sukari. Matsalar da na fi gani ita ce awon ganganci. Mace mai kilo 65 da tsayin 1.60, lambarta 25.4. A auna ta da takalmi da ɗaurin ɗankwali ta zama 1.65, sai lambar ta sauka 23.9. Santimita 5 kacal sun canza mata aji. A cire takalmi, a jingina diddige da bango, a ɗora littafi a tsakar kai. Mai juna biyu da mai kumburin ƙafa kuma ba a yanke musu hukunci da shi, ruwa da ciki ne ke hawa sikeli.

Likita: Sista ta tuna min da masu shan sha-ka-fashe don su yi jiki. Dexamethasone, ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna, yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya tayar da sukari da hawan jini, lambar BMI kuwa tana iya zama cikin "daidai". Shi ya sa nake auna uku tare: BMI, ƙugu, hawan jini. Wanda ya haura 25 kuma ƙugu ya wuce rabin tsayi, a gwada masa sukari, ya nufi rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa. Mai kilo 90, kilo 4.5 zuwa 9 ke nan, a hankali cikin watanni shida.

Koci: Na yarda da ukun, Likita. Amma a wurin 'yan wasa tef zan fara ɗauka kafin sikeli.