Aikin sa-kai na koya wa 'yan firamare natsuwa: in karɓa ko in haƙura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na gama NCE bara, ina zaune ba aiki. Wata ƙungiya ta nemi in riƙa zuwa wata firamare nan Tudun Wadan Gombe sau biyu a mako, minti 15 kafin a fara darasi, ina yi wa 'yan aji uku abin da suka kira horon natsuwa. Yaro ya ɗora hannu a cikinsa, ya ja numfashi a hankali yana ƙirgawa, ko a kaɗa ƙararrawa ya saurara har sautin ya ɓace sannan ya ɗaga hannu. Horon da za su ba ni na kwana uku ne, kyauta, amma ba albashi. Damuwata biyu: yaran ajin sun haura 80, kuma ban san me zan ce wa iyaye ba. Wanda ya taɓa yi a aji mai cika haka ya taimaka min, Litinin suke son amsa.

Ɗan Bolari: Nawa za su ba ki a wata?

Maman Ilham: Na faɗa a sama, ba albashi.

Antin Kumo: Ƙanwata, tsaya ki ji nawa. Wata takwas na yi ina irin wannan aikin. Yaran suna so, ba zan ɓoye miki ba. Akwai wani mai yawan dambe da idan ransa ya ɓaci sai ya koma lungu yana ƙirga numfashi, har na yi hawaye ranar da na gani. To wata yarinya ta koma gida ta ce malama tana sa su rufe ido su yi shiru. Kafin sati labari ya zama wai ina koya musu bautar wasu. Iyaye suka cika ofishin hedimasta. Na kira mutanen ƙungiyar, waɗanda suka zo da motar nan suka ɗau hotuna ranar buɗewa, ko ɗaya bai ɗaga waya ba. Ni kaɗai na tsaya gaban mai unguwa ina rantsuwa. Kuɗin horo kuwa N15,000 na biya daga aljihuna, kuɗin motar da suka yi alkawari sau biyu kawai na gani. Har yau akwai matar da ba ta amsa gaisuwata a gidan biki.

Baban Sadiq: N15,000? Matata N40,000 ta biya a Bauchi, har da takardar shaida.

Ɗan Bolari: Mu kyauta aka yi mana a Jekadafari, da shinkafa da lemo.

Antin Kumo: To ka ga wani ya ci da guminmu kenan.

Malamin Pantami: Tsoron iyayen nan yana da tushe, kada a raina su. Wani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, shi ya tsara shirin horon natsuwa na mako takwas a 1979 a Jami'ar Massachusetts don marasa lafiya, kuma daga zuzzurfan tunanin mabiya Buddha ya samo shi, ya cire ɓangaren addinin. Sannan wani babban bincike a makarantun Ingila da aka fitar a 2022 ya nuna horon natsuwa bai fi darasin da aka saba yi amfani ba ga yara 'yan shekara 11 zuwa 14, da yawansu ma ba su riƙa gwadawa a gida ba.

Tsohon Hedimasta: Ɗana, shekara 35 na yi da alli a hannu. Yaran Ingila daban, namu daban. Kullum bayan tara sai na sa aji su kifa kai a benci na ɗan lokaci, kuma darasin da ke biyo baya ya fi shiga. Ba wanda ya ba ni takarda a kai. Wanda bai taɓa tsayawa gaban yara 80 ba ya bar mu mu yi magana.

Malamin Pantami: Ranka ya daɗe, ban musa gogewarka ba. Amma Anti ta tsaya gaban yara, ga yadda ta ƙare.

Antin Kumo: Kada ka sa ni a ciki, Malam. Ban ce abin ba ya aiki ba, cewa na yi an yashe ni.

Ɗan Bolari: Idan kika ce wa 'yan aji uku su rufe ido, kafin ki buɗe naki rabinsu sun isa wurin mai awara.

Baban Sadiq: Wallahi ɗana ne zai ja gaba!

Maman Ilham: Baba Hedimasta, a ina zan fara da iyaye? Kwamitin kula da makaranta ko limamin unguwa?

Uwar Biyu: Ni dai tambayata, wace natsuwa yaron da bai karya ba zai samu? 'Ya'yana a ƙasa suke zama, kwanon ajin ya yaye tun damina, rana na dukansu tun ƙarfe goma. Baba yana maganar kifa kai a benci, ina bencin yake?

Tsohon Hedimasta: Wannan gaskiya ne, 'yata. Makarantar da na bari, malaman sa-kai uku ke riƙe da ƙananan azuzuwa, iyaye ke karo-karo a ba su na sabulu. Wani zangon ko shi ba ya haɗuwa.

Uwar Biyu: Mu N500 aka ce kowane yaro ya kawo na gyaran benci tun zangon farko. Mun biya. Wa zan tambaya inda kuɗin suka shiga?